Sawun Taya Marar Zane

Ranar Lahadi da hantsi aka tsinci gawar don Hilario Bertaina cikin ciyawar gefen babban titin da ke zuwa filin tsere, taku bakwai daga motarsa. Motar lafiyarta ƙalau, mukulli na jiki, tanki cike da mai. Ƙeyarsa ce kawai a fashe.

Mijina Anselmo ne ya tsince shi. Kafin a tashi daga tseren ranar, 'yan sanda sun tafi da shi.

A Villa Ombú ba a tambayar wane ne don Hilario (a wurinmu "don" laƙabin girmamawa ne na maza, "doña" na mata). Shekara ashirin yana tuƙa motar tsere da sunan garinmu, hotonsa na shagon aski, yana wurin mahauci, yana bangon ɗakin ƙungiyar magoya baya inda nake dafa abinci. Ranar ma shi aka gayyata ya kaɗa tutar farawa. Anselmo kuwa shi ne makanikensa tun suna samari. Sai dai kwana goma kafin nan sun yi kaca-kaca a gaban mutane, saboda don Hilario ya ɗauke injin motar ɗan ƙanensa ya kai wa wasu masu gareji a birnin Rosario. Anselmo, mutumin da kan wuni bai furta kalma goma ba, ranar sai bakinsa ya buɗe. Ya ce, "Wata rana za ka tsaya a gefen titi, ka nemi mai taɓa maka mota ka rasa."

Kowa ya ji. Wanda bai ji ba ma daga baya ya rantse yana wurin.

Garin ya ɗauka. Wasu suka ce Anselmo ya kunce wani abu a motar don ta mutu a hanya, ya biyo shi da ƙarfen jak. Wasu suka ce tsohon abokin hamayyarsa Ovidio Massei ne ya biya shi. Matan layinmu suka ce akwai mace a ciki, don a wurinsu ba a mutuwa sai da mace. Tambaya ɗaya ce kowa ke yi: me zai sa mutumin da ya fi kowa sanin titi ya tsaya a gefensa, cikin hazo, ran cunkoso? Ran Litinin na tashi na tarar an rubuta "makashi" da jan fenti a ƙofar garejinmu. Sufeto Paniagua ya ce mini ran Juma'a za a wuce da Anselmo gidan yarin birni, kuma daga can sai abin da alƙali ya gani.

Yayana Tino, shugaban ƙungiyar, ya zo da kansa ya kankare fentin.

"Fina, ki bar wa lauya," in ji shi. "Kada ki yi ta tone-tone, mutane a fusace suke."

"Lauyan da ya zo jana'iza da hular don Hilario a kansa?"

Ya ci gaba da kankara har ƙarfen ƙofar ya fito.

*

Don Froilán Agüero shanun sata yake bi. In an yanke waya an kore wa mutum garke, shi ake ɗaukowa, ya bi sawu kwana biyu ya nuna shingen da suke. Na same shi ran Talata a bayan gidansa yana gyaran linzami. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya fara fari.

"Doña Delfina, ni dabba nake bi. Mota ba ta da kofato."

"Tana da ƙafa huɗu, don Froilán."

Ya yi dariya, ya miƙo mini ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha. Da na shanye na mayar, ya dube ni da idon nan mai kyau.

"Abu ɗaya zan gaya miki. In na fara bi, ba na tsayawa a inda mai aikin ke so. In sawun ya shiga gidanki, zan shiga."

Na ce na yarda. Na ɗauka Anselmo yake nufi, har raina ya ɓaci.

*

Wurin da abin ya faru, 'yan sanda da 'yan kallo sun tattake shi, ga furanni da kyandir an jibge. Sufeto Paniagua ya biyo mu don kada a ce an yi ba shi. Ya nuna wani dogon layi mai santsi a kan ƙasa mai laushi, faɗinsa ya fi tafin hannu.

"Ga inda ya ja gawar," in ji shi. "Ba sai an ɗauko boka ba."

Don Froilán ya juya wa furannin baya, ya nufi inda motoci ke fitowa, yana tafe kansa a ƙasa. Manyan motocin waken soya na wucewa har iskarsu na ture ni, shi ko a jikinsa. Sai da ya yi nisa ya tsuguna, ya yafito mu.

Layin nan mai santsi yana can ma.

"Sufeto, mutumin naka da ƙarfinsa. Taku ɗari biyu ya ja gawa, ya kuma ja ta a miƙe, da wata taya tana raka shi a gefe?"

Ya nuna mana dalla-dalla. A-kori-kura ce, tana jan tirela ƙarama. Ta baro layin motoci ta hau gefen da aka bari don wanda motarsa ta lalace, tana gudu. Ta zo ta ci karo da motar don Hilario a tsaye. Hagu cunkoso, sai direban ya karkata dama, ya faɗa ciyawa ya zagaye ta. Tayar tirelar ta hagu mai zane ce irin ta kowa. Ta dama ba ta da zane ko ɗaya.

"Ta cinye ke nan," in ji Sufeto.

"Wadda ta cinye takan bar ɗan zane a baki-baki. Wannan haka aka haife ta."

Matar makanike ce ni, na san taya iri ɗaya ce ake yi ba zane, ta motar tsere. Sufeto ma ya gane, har ya yi murmushi.

"To madalla. Garejin wa ake samun irinta a garin nan?"

Don Froilán ya wuce gaba, ya bar furannin a baya kamar taku hamsin.

"A nan ya taka birki. Ya fito. Ya dawo baya taku goma sha ɗaya, ya tsaya." Ya daɗe yana kallon wurin. "Ya jima a tsaye, dugadugansa sun nutse. Sannan ya koma motarsa da gudu."

"Takalmin wa?" na tambaya.

"Irin wanda rabin mazan garin nan ke sawa. Har ni."

*

Minti biyar aka ba mu da Anselmo. Ya rame, gemu ya fito masa fari fat. Don Froilán ya zauna a gabansa.

"Ka taɓa gawar?"

"Na taɓa."

"Me ka gyara?"

Anselmo ya sunkuyar da kai. Kwana uku 'yan sanda na tambayarsa yadda jini ya hau hannun rigarsa, ya ƙi magana.

"Na ga inda don Hilario ya tsaya," in ji don Froilán a hankali. "Ƙafa biyu a ware, fuska ga shinge, baya ga titi. Ni ma tsoho ne, na san tsayuwar."

Idon mijina ya ciko.

"Zif ɗin wandonsa a buɗe yake. Na ja masa, na ɗaure bel, na gyara masa kwanciya. Masu hoto na tafe, don Froilán. Hilario Bertaina ne fa. In bari a buga shi a jarida a haka?"

Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji kamar in rungume shi. "Wato gidan yari za ka tafi saboda zif?" na ce.

"Ba ki san shi ba, Fina."

Shekara talatin ina wanke kayan aikin da yake ɓatawa a motar mutumin, amma wai ban san shi ba.

Da don Froilán ya tambaye shi tayar tsere, ya ce tsofaffin duk kamfani ke kwashewa. Huɗu kawai suka rage a garin, na tseren ƙarshe da don Hilario ya ci shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya raba su da hannunsa: ɗaya gidansa, ɗaya ƙungiya, ɗaya Anselmo, ɗaya kuma ya aika wa Ovidio Massei don tsokana.

*

Doña Ercilia, matar mamacin, ba ta so ta buɗe mini ƙofa ba. Don Froilán ta buɗe wa, ni na bi bayansa. Tayarsu na rataye a rumfar mota.

"Doña, don Hilario yakan yawan tsayawa a hanya?"

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. "Wa ya gaya maka?"

"Ciyawa."

Sai ta zauna. Ta ce shekara biyu ke nan ba ya iya riƙe fitsari rabin awa. Likita ya ce a yi aiki, ya ƙi, wai kada a ji. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Shi ya sa ya daina shiga motar ƙungiya, yake tafiya shi kaɗai.

"Kullum ina ce masa ya bari sai gidan mai," in ji ta. "Sai ya ce shi da ya yi gudun kilomita ɗari biyu da hamsin, gefen titi ne zai ba shi tsoro? Yakan zagaya ta ɓangaren ciyawa, wai can ba abin da ke zuwa."

Ovidio Massei kuwa a gonarsa muka same shi, ƙato mai jan wuya. Ga a-kori-kura a tsakar gida, ga tirela a bayanta. Na ce a raina shi ke nan. Don Froilán ya zagaya tirelar sau biyu.

"Duba da kyau, tsoho," in ji Ovidio. "An ce ni na kashe shi, ko? Shekara ashirin ina bin ƙurarsa ban kama shi ba, sai yanzu da gwiwata ta mutu?"

"Ina tayar da ya aiko maka?"

Ovidio ya ƙyalƙyale da dariya, ya kai mu bayan rumbu. Ya raba ta biyu tun tuni, aladunsa na cin dusa a ciki.

"Kowace Kirsimeti sai na aika masa hotonta. Shi kuma ya aiko mini da kwalbar giya da takarda, wai in sha in manta." Dariyar ta tsaya. Ya share hanci da bayan hannu. "Bana wa zan aika wa?"

A hanyar dawowa na ce wa don Froilán ƙarya yake, hawayen munafunci ne.

"Tirelarsa ta fi waccan faɗi da taƙi guda," in ji shi. "Ina tayarku?"

Tamu tana ƙofar ɗakin girkina, cike da ƙasa, na shuka faski a ciki. Ya tsuguna ya ga saiwa ta huda ta ta shiga ƙasa. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Saura ɗaya."

"Ta ƙungiya tana bango. Kullum a ƙarƙashinta nake yanka albasa."

"Ranar Lahadi ma?"

Ranar Lahadi tun Asabar ina filin tsere tare da sauran, mun kwana muna tsaron wurinmu a jikin shinge. Na buɗe baki in faɗa masa haka, sai na rufe. Ban san dalili ba.

*

Ran Alhamis da yamma ɗakin ƙungiya ya cika. Don Froilán ya roƙi Sufeto ya tara duk wanda aka ba taya, sauran kuma gulma ta kawo su. Doña Ercilia cikin baƙaƙen kaya, Ovidio a bakin ƙofa ya harɗe hannu, Tino a kujerarsa ta shugaba, ni a jikin kanta. An jera tayoyi uku a ƙasa, ta Ovidio na wari.

"A sauko mini da waccan," in ji don Froilán.

Aka yi gunaguni. Wani ya ce ba a taɓa sauke ta ba tun ran da don Hilario ya rataye ta. Sufeto ya sa aka sauke. Ita da ta doña Ercilia ne kawai ke kan ƙarfensu, wato rim.

Don Froilán ya danna ta doña Ercilia da babban yatsa. Ta lotsa. Ya zo kan ta ƙungiya ya danna, ya hau ta da gwiwa. Ko motsi.

"Shekara goma sha ɗaya a bango," ya ce, "ga ta da iska kamar yau aka hura."

Ya zaro wuƙarsa, ya sa tsininta tsakanin roba da ƙarfe, ya ciro ƙarangiya guda biyu, ya ɗora a tafin Sufeto. Ɗanyu ne, ko bushewa ba su yi ba.

"An wanke ta, amma a gurguje. Wa ke da mukullin ɗakin nan?"

Kowa ya sani. Mu biyu ne, ni da Tino.

"Ina filin tsere," na ce. "Mutum ɗari sun gan ni."

"Na sani, doña. Wa ya kawo naman?"

Wani daga baya ya ce, "Tino. Shi ya taho da tirelar gashi da safe." Wani ya ƙara, "Har muka yi mamaki, motar ƙungiya ta yi awa biyu a cunkoso, shi ya riga ta."

Na dubi yayana. Shi ya goya ni zuwa makaranta ran da ruwa ya cinye hanya, shi ya miƙa ni ga Anselmo a coci da mahaifinmu ya rasu. Yana zaune ya dafa tebur da hannu biyu, yana kallon tayar.

"Faci na tarar a tayar tirelar da asuba," ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Ran tsere wa zai buɗe maka shago? Gatarin da ke riƙe tayoyin tirelar na tsohuwar motar don Hilario ne, ƙarfen ya yi daidai. Na ce ai albarka ce ma, tayar don Hilario ta kai wa mutanensa nama."

"Sai ka makara," in ji don Froilán.

"Sai na makara. Titi ya tsaya cak, hazo ko hancin mota ba ka gani. Na hau gefe." Ya ɗago ya dubi mutane. "Wane ne a cikinku bai taɓa hawa gefe ran tsere ba? Wane ne?"

Babu wanda ya ɗaga ido.

"Na ga mota a gabana, na kauce. Na ji ƙara. Ƙarafan da muke banƙare haƙarƙari a kai sun leƙo ta gefen tirelar, ban ɗaure su da kyau ba. Na ce ko turken shinge ne. Na fito na dawo. Takalmansa na fara gani. Ni na saya masa su."

Doña Ercilia ta yi wani sauti, mata biyu suka riƙe ta.

"Yana numfashi?" ta tambaya.

"Ban matsa ba, doña. Na kasa."

"Amma ka iya gasa nama," in ji Ovidio daga bakin ƙofa. "Na ci, har na yaba."

Ni ban san lokacin da na zagayo kantar ba.

"Kwana biyar, Tino. Kwana biyar mijina na kulle, kana kankare mini fenti."

"Na ce ba su da hujja, za su sake shi. Fina, na rantse, da na ga za a wuce da shi da na yi magana."

"Gobe ne za a wuce da shi."

Ya mayar da idonsa kan tayar.

Sufeto Paniagua ya fito da littafinsa, fuskarsa a murtuke, don shi ma an kunyata shi a gaban gari.

"Celestino Roggero, kai kaɗai ne a motar?"

"Ni kaɗai."

"Mutum mai hankali kamarka, da kaya a baya, cikin hazo. Akwai wanda ya matsa maka? Wani ya ce ka bi ta gefe?"

A nan ne na tuna. Sau uku na kira Tino a waya da safen nan. Wuta ta kama, gawayi na cinyewa, mutum ɗari biyu na tambayata nama. A kira na uku na daka masa tsawa, na ce, "Kai kaɗai ne mai bin doka a ƙasar nan? Hau gefe mana kamar kowa!" Na kashe wayar. Tun ranar ban sake tunawa da maganar ba, ko kuma na ƙi tunawa, ban san wanne ba ne.

Tino ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

"Babu kowa," ya ce. "Ni na ga dama."

Aka fita da shi ta tsakiyar mutane. Don Froilán ya goge wuƙarsa a wando ya mayar kube. Da ya zo wucewa ta gabana na ce masa na gode, don ban san abin da ake cewa ba.

"Ba a gode mini, doña," in ji shi. "Ba a taɓa yi ba."

*

Ran Juma'a da safe aka sako Anselmo. Mutanen da suka rubuta masa "makashi" suna tsaye a bakin layi suna cire hula. Bai kalli kowa ba. Ya shigo, ya wanke hannu, ya zauna a teburin girki, na ɗora ruwan zafi.

"Sun ce shi kaɗai ya yanke shawara," ya ce.

Ina iya yin shiru. Tino ya riga ya rufe ƙofar maganar, kuma don Froilán ba ya bin sawun waya. Na zuba ruwan a ƙoƙo, har ya zube a tebur.

"Ni na ce ya hau gefe, Anselmo. Saboda kada gawayi ya ƙare."

Ya dube ni, ya dubi ruwan da ke bin tebur yana ɗiga a ƙasa. Ya miƙe ya ɗauko hularsa, na ɗauka fita zai yi ya bar ni. Sai ya ciro mayafina daga ƙusa ya miƙo mini.

"Tashi," ya ce. "Ercilia za ki fara gaya wa, kafin Sufeto. Zan tsaya a bayanki."